Zuwa ga Auta, kan harafin da kunne ba ya ji

Kaduna.

Ƙanena Auta,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. Yaya ƙarfin jikin Inna? Yaya Bappa da fama da gona? An ce mini bana ruwa ya sauka da wuri a Sanyinna, har fadama ta soma cika. Allah ya sa mai albarka ne, ya kiyashe mu ambaliya. Mu nan sai godiya. Yara kullum sai sun tambayi ranar da Baba Ƙarami zai zo.

Saƙonka ya iso, tare da hoton zanen banar da kuke shirin bugawa. Na yi murna ƙwarai da jin cewa kai aka ɗora wa shirya baje kolin ayyukan ɗalibai na ƙarshen shekarar karatu. Jerin kayan da ka lissafa ya burge ni: tabarmi da faya-fayan 'yan mata, jakunkunan fata, sabulun da 'yan ajin kimiyya suka haɗa, da ɗan injin ban-ruwan da ka ce yara biyu sun ƙera da tsohuwar motar fanka da farantin sola. Allah ya yi musu albarka.

To amma kada ka bari a buga banar nan tukuna. A layin farko, wanda ya fi kowane girma, an rubuta EXIBITION. Akwai harafin h da ya faɗi tsakanin x da i. Daidai shi ne EXHIBITION. Wannan magana ce ta minti ɗaya a waya, amma na zaɓi in zauna in rubuto maka, saboda kai malami ne. In na ce maka "ƙara h" kawai, bana ɗaya za ka gyara. In ka san dalilin zamansa a wurin, aji guda za ka gyara, kuma su ma su gyara wasu.

Ka san shekarun da na kwashe ina aikin gyaran rubutu a maɗaba'a. Wannan kalma tana cikin waɗanda suka fi zuwa teburina da rauni, daga makarantu, daga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, har daga ofisoshin da ke cike da masu digiri. Dalilin kuwa ba jahilci ba ne. Mu an raine mu da rubutun Hausar boko, inda abin da baki ya furta shi hannu ke rubutawa. Ka ji "tabarma", ka rubuta tabarma, babu harafin da ya ɓuya, babu wanda ya shigo ba gayyata. Da wannan sabo muke shiga Turanci, mu dogara da kunne. Ita kuwa wannan kalma, masu harshen kansu ba sa furta h ɗinta. Suna cewa wani abu kamar "eksibishin", a ƙaramar 'yar'uwarta exhibit kuma su ce "igzibit". Saboda haka duk wanda ya rubuta abin da ya ji, ko da lafazinsa ya fi na mai karanta labarai a BBC kyau, zai yar da harafin. Turawa ma suna faɗa wa wannan rami, kuma rubutun Ingila da na Amurka ba su saɓa a kanta ba: duka da h.

Kada abin ya zama maka baƙo, domin ka san irinsa tun kana makarantar allo. Ka tuna yadda ake rubuta sunan Amru da Larabci: akwai wawun a ƙarshensa da ba a furtawa, an ajiye shi ne don a bambanta shi da Umar, tunda baƙaƙensu ɗaya ne. Ka tuna lam ɗin da ke cikin Abdurrahman, wanda alƙalami ke rubutawa harshe ya tsallake. Babu almajirin da zai goge su don bai ji su a karatu ba. Malam ma ba zai bari ba. To haka h yake a nan. Ba a jin sa, amma gurbinsa ne.

Ga inda ya samo asali. Kalmar daga Latin take, harshen Rumawan da, kuma guda biyu ce aka haɗa: ex, wato waje, da habere, wato riƙe. Haɗuwarsu ta ba da exhibere, ma'ana a riƙo abu a miƙo shi waje don a gani. Ka ga kenan h shi ne harafin farko na saiwar kalmar. Sama da shekara ɗari biyar ke nan da ta shiga Turanci, kuma malaman wancan zamani, da yake Latin shi ne harshen ilminsu, sun bar ta da kamanninta. Daga baya injin ɗab'i ya isa Ingila a hannun William Caxton a 1476, ƙamusoshi suka biyo baya, irin na Samuel Johnson na 1755, rubutu ya daskare a wuri ɗaya, lafazi kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. A bakin mutane x ya haɗiye h, a takarda ya kasa.

Amfanin sanin wannan shi ne kalmar tana da 'yan'uwa na jini waɗanda har gobe ake jin h ɗinsu. Ga yadda nake so ka yi a aji. Ka ɗauki alli ka rubuta kalmomi uku da manyan haruffa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ka daidaita ƙarshensu:

PROHIBIT
INHIBIT
EXHIBIT

Sai ka sa tafin hannunka ka rufe farkon kowace, ka tambayi yara abin da ya rage. Za su ga HIBIT sau uku, a jere kamar an auna. Ka sa su furta ta farko. Sun san ta, domin suna ganin ta a gidajen mai inda aka hana shan taba, kuma h ɗinta a fili yake. Ka sa su furta ta biyu, nan ma su ji shi. In suka zo ta uku, ka ce musu uwa ɗaya ta haife su, ita dai wannan ba ta ɗaga murya. Prohibit riƙe abu ne a tare masa gaba, wato hanawa. Inhibit riƙe shi ne a ciki, wato dannewa. Exhibit riƙe shi ne a waje, wato nunawa. Yaron da ya ga wannan da idonsa da wuya ya sake mantawa, gani ya kori ji.

Bayan haka ka ba su abin ƙirgawa. Exhibition haruffa goma ce cif, daidai da yatsun hannu biyu, kuma i uku ne a cikinta. Duk wanda ya rubuta ya ƙirga ya sami tara, wani abu ya faɗi. Wanda ya sami sha ɗaya, ya yi ƙari. Wannan zai kama sauran kurakuran da nake gani, kamar masu rubuta exhibtion su yar da i na tsakiya, da masu rubuta exihibition su ƙara wani. Sannan lokacin rubutu su riƙa karanta ta a zuci gaɓa-gaɓa irin karatun Hausa: eks, hi, bi, ti, on. A baki su furta ta yadda masu ita ke furtawa, a zuci su yi mata karatun allo. In ma sun yi maka gardama, ka tuna musu mu Sakkwatawa ne. Mu da Kanawa ke tsokana wai mun ce "tahi" da "hita" da "hwaɗi", mun cusa h inda su ke da f, ai abin kunya ne a ce mu ne muka yar da shi a inda yake da haƙƙin zama.

Sai dai ka ja musu kunne, don na san halin ɗalibi: in ya koyi sabon abu sai ya yi ta barbaɗa shi ko'ina. Akwai kalmomin da ke da wannan ɓoyayyen h bayan ex, kamar exhaust, wadda kanikawa suka saba da ita a wajen salansar mota, da exhort, da exhilarate. Akwai kuma waɗanda lafazinsu ya yi kama da waɗannan amma ba su da shi sam, kamar exorbitant da exonerate da exuberant. Kunne ba zai raba maka su ba. Ƙamus ne kawai alƙali, kuma babu malamin da ya girmi buɗe ƙamus. Ni da aikina ke nan, nawa a buɗe yake kwana.

Akwai kuma zancen wace kalma ce ta dace da wane wuri, tunda na ga za ku yi ƙananan katuna a gaban kowane kaya. Taron gaba ɗaya shi ne exhibition. Kowane abu guda da aka ajiye a tebur, kamar injin ban-ruwan nan, shi ne exhibit, kalmar da za ka ji kuma a bakin 'yan sanda da lauyoyi in suna nufin kayan shaida a kotu. Yaron da ya kawo kayan shi ne exhibitor, da o kafin r. Kuma don Allah, ko wuri ya yi muku kaɗan, kada wani ya ba ku shawarar ku gajarta da EXPO. A duniya sunan manyan bukukuwan baje koli ne, irin wanda aka yi a Osaka ta Japan a 1970. Amma a Nijeriya, tun badaƙalar fitar takardun jarrabawar WAEC ta 1977, wadda har Chukwuemeka Ike ya rubuta littafi a kanta mai suna Expo '77, ma'anar da kowa ya sani ita ce satar amsa. Ka hango bana a ƙofar makarantar sakandare tana gayyatar iyaye zuwa expo, ga kuma jarrabawa a kusa.

Tunda kai za ka yi jawabin maraba, bari in ba ka abin da za ka ɗan tsakura a ciki. Bikin da ya fito da sunan wannan kalma a duniya shi ne wanda aka yi a Landan a 1851, a cikin wani ƙaton gini na ƙarfe da gilashi a filin Hyde Park, wanda mutum kusan miliyan shida suka shiga. A 1924 kuma aka buɗe wani a Wembley na ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Ingila. A can an gina wa Afirka ta Yamma wani sashe mai ganuwa da ƙofofi irin na biranen ƙasar Hausa, aka kai masu sana'ar hannu daga Nijeriya suna aiki jama'a na kallo. Kayan namu ne, hannuwan namu ne, amma duk bayanin da aka liƙa a jikinsu wasu ne suka rubuta, da harshensu, yadda suka ga dama. Tun kafin nan ma haka abin yake. Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda majemanmu suka jeme, ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, in ta isa Turai a kira ta fatar Maroko, don ta can ta biyo. Aiki na wani, suna na wani. Yau ga shi alƙalamin ya dawo hannunmu. A baje kolin ƙasa da ƙasa na nan Kaduna, da ake yi tun 1979, da nunin amfanin gona da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu nan kusa da ku, mu ke rubuta sunan kayanmu da kanmu. Yarinyar da ta kwashe makonni tana saƙa faifai har yatsunta suka yi kanta ta cika nata alkawari. Abin da ya rage a wuyan malamanta shi ne rubutun da zai tsaya a saman aikinta ya kai aikin kyau.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato wajen mai bugawa. Ko a Tambuwal za ku buga ko a Sakkwato, tsarin ɗaya ne, kuma na san shi ciki da bai. Za ka miƙa wa yaron shago takarda ko ka tura masa ta WhatsApp. Shi kuma ba kwafa zai yi ba, sake bugawa zai yi da hannunsa a CorelDRAW, yana amsa waya, ga mutum uku tsaye a kansa kowa na cewa nasa na gaggawa ne. Hankalinsa na kan launi da girman haruffa da inda hoton shugaban makaranta zai zauna. Ko ka ba shi kalma daidai, tana iya fitowa daga hannunsa da rauni. Kada kuma ka ce ai kwamfuta za ta ja jan layi a ƙarƙashin kuskure. Microsoft Word, yadda yake zuwa, an saita shi ya ƙyale duk kalmar da aka rubuta da manyan haruffa zalla, sai in mutum ya shiga ya canza. Ina kyautata zaton ta nan naka ya sulale, domin na ga sauran rubutun da ke da ƙananan haruffa duk lafiya lau. Dabarar ita ce ka fara rubuta komai da ƙananan haruffa, ka duba, sannan ka mayar da su manya.

Wani abin mamaki da aikin nan ya koya mini shi ne kuskure ya fi son babban layi. Mutane suna ƙura ido ga ƙananan rubutu, lambar waya da kwanan wata da sunan babban baƙo, amma kanun da ya kai tsawon kamu uku sai ido ya ɗauke shi a matsayin hoto, ya ga siffar kalmar da ya saba da ita, ya wuce. Saboda haka kafin a tura wa inji, ka sa a fitar maka da samfuri a farar takarda. Ka zauna, ka ɗauki biro, ka taɓa kowane harafi da bakinsa ɗaya bayan ɗaya kana kiran sunansa. Ka fara daga ƙarshen kalma ka dawo farkonta: n, o, i, t, i, b, i, h, x, e. In ka bi ta baya, ƙwaƙwalwa ba ta samun damar cike maka gurbin da babu komai. Sannan ka ba wani wanda bai taɓa ganin zanen ba ya duba, domin wanda ya rubuta abu, abin da ya yi niyya yake gani. In kun gamsu, ka sa hannu a samfurin ka riƙe hotonsa a wayarka. In mai shago ya ɓata daga baya, asarar tasa ce. In kuwa ba ka yi haka ba, fleks ɗin banar da ƙafa ake auna kuɗinsa, kuma in ya fito ya fito. Za su ce maka a liƙa sitika a kai, amma launin ba ya taɓa dacewa, sai ta zauna kamar faci a gaban babbar riga ranar Sallah. Ka bi katin gayyata da takardar shirye-shirye da satifiket ɗin yara da irin wannan duba. Bana kwana biyu za ta yi a sauke ta, satifiket kuwa uwa za ta adana shi a ƙasan akwati shekara ashirin.

Abu na ƙarshe game da banar: ban ga Hausa a jikinta ba ko layi ɗaya. Su wa za su cika filin ranar? Iyaye ne, manoma da masunta da 'yan kasuwa, da uban ƙasa da liman da dattawan gari. Ka sa musu "Baje Kolin Ayyukan Ɗalibai" da girma daidai da na Turancin. Amma ka ba ta irin kulawar da ka ba wancan, domin mu ma muna da haruffan da ke faɗuwa a shagon bugu. Ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ sun zauna a rubutunmu tun shekarun 1930, da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, amma har yau yawancin salon haruffan da masu zane ke so ba su da su. Ko dai su fito kamar ƙaramin akwati, ko yaron shago ya share ƙugiyar ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na sha ganin an rubuta "Barka da zuwa manyan baki" a gaban mutanen da aka gayyato don a girmama su. Ka tsaya a kansa har ya nemo salon da ke da ƙugiya. Akwai su, kyauta ma.

Wataƙila wani abokin aikinka ya ce duk wannan wahala a kan harafi ɗaya. Ka tuna masa cewa a insha'in Turanci na WAEC, maki goma cikin hamsin an ware su ne don daidaiton rubutu, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure ashirin sun share goman nan kaf. Yaran da za su zauna wannan jarrabawa su ne za su yini suna kallon banarku, kuma abin da ɗalibi ya gani an buga da inji an rataye a ƙofar makaranta ya fi gaskata shi a kan abin da aka faɗa masa a aji. In an rataya kuskure, darasi aka ba su, sai dai ba wanda ake so ba. Shawarata ma, in samfurin ya fito, ka kai shi ajin 'yan shekarar ƙarshe ka ce duk wanda ya kamo kuskure yana da littafin rubutu da biro. Za ka sha mamakin kaifin idonsu in an ce malamai ake dubawa.

In ka gyara, turo mini sabon zanen da katin gayyatar in ƙara dubawa kafin ku biya kuɗi. Ka kuma sanar da ni ranar da aka tsayar; in Allah ya nufa na sami izini a wurin aiki, zan biyo motar Jega in sauka Tambuwal, ka turo wanda zai ɗauke ni. Akwai ƙamus guda biyu da na ware wa ɗakin karatunku, zan taho da su, da maganin ƙafar Inna.

Ka gaishe mini da Inna da Bappa da Gwaggo, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida amarya da yara, da shugaban makarantarku da sauran malamai. Matar yayanka tana gaishe ku, ta ce in akwai faifai na sayarwa a ajiye mata biyu, masu jan baki.

Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.

Wassalam.

Naka,
Yayanka.